Claude Bernard, masanin da ya gano rumbun sukari a cikin hanta

Duk wanda ya taɓa zuwa likita da sassafe, aka ɗebi jininsa kafin ya karya kumallo domin a auna sukarin da ke ciki, ya ci moriyar aikin wani mutumin ƙasar Faransa wanda ya rasu tun shekara ta 1878. Sunansa Claude Bernard. Kafin zamaninsa masana sun ɗauka ba a samun sukari a jinin mutum sai in ya ci shi, ko kuwa in ciwo ya kama shi. Shi ne ya nuna cewa jinin kowane mai lafiya yana ɗauke da sukari dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba. Shi ne kuma ya gano inda sukarin nan yake fitowa, da wurin da jiki yake ajiye shi.

Ƙuruciyarsa

An haifi Claude Bernard ran 12 ga watan Yuli 1813 a ƙauyen Saint-Julien, kusa da garin Villefranche, arewa da birnin Liyon. Ubansa manomin inabi ne wanda bashi ya yi wa katutu, har ya koma koyar da yara domin ya ciyar da gidansa. Limamin cocin ƙauyen ne ya fara koya wa yaron harshen Latin, sa'an nan aka sa shi lakwal a Villefranche. Bai yi fice a karatu ba, kuma hannun iyayensa bai kai ba, saboda haka a shekara ta 1832 aka kai shi koyon aiki wurin wani mai kantin magani a bayan birnin Liyon.

Aikinsa a can shara ne, da wanke kwalabe, da kai aike. Akwai wani haɗin magani da mutanen zamanin suka ba gaskiya ƙwarai, wanda mai kantin yakan zuba wa ragowar magunguna iri-iri, masu ciwo kuwa suna saye suna godiya. Abin nan ya tsaya wa saurayin a rai, domin ya ga da idonsa ana ba mutane magani ba tare da kowa ya san abin da yake yi a jiki ba.

Amma a lokacin hankalinsa yana wajen wasan kwaikwayo. Ya rubuta wani ɗan wasan ban dariya, aka nuna shi a Liyon, ya sami faran 100. Wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, ya rubuta wani babban wasa na tarihi, ya ɗauke shi ya nufi Paris a shekara ta 1834. Can ya kai shi wurin Saint-Marc Girardin, wani malamin adabi da ake jin maganarsa. Malamin ya karanta, ya ba shi shawara ya nemi sana'ar da za ta ci da shi, tun da kuwa ya taɓa aikin magani, ya shiga karatun likita. Shawarar ta yi masa ɗaci, amma ya bi ta.

Almajirin Magendie

A makarantar likitoci ma bai kasance cikin na gaba ba. Sa'ad da aka yi jarrabawar ɗaukar ɗaliban da za su yi aiki a asibitocin Paris a shekara ta 1839, shi ne na 26 cikin mutum 29 da aka ɗauka. Sai dai rabo ya kai shi hannun François Magendie, babban likita a asibitin Hôtel-Dieu kuma malami a Collège de France. Magendie mutum ne mai zafin rai, wanda ba ya yarda da maganar littafi sai ya gwada ya gani. Ya lura yaron yana da hannu wajen fiɗa, sai ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwajinsa a shekara ta 1841.

A shekara ta 1843 Bernard ya sami digirinsa na likita da wani bincike a kan ruwan tumbi. A ciki ya nuna cewa in an ɗura wa dabba sukarin rake kai tsaye a jijiyar jini, jiki ba ya amfana da shi, fita yake yi a fitsari. Amma in an fara haɗa shi da ruwan tumbi, sai jiki ya karɓe shi. Tun daga nan maganar sukari ta shiga rayuwarsa, ba ta kuwa fita ba har mutuwarsa. Shekara ɗaya bayan haka ya faɗi jarrabawar zama malamin makarantar likitoci, har ya fara shawarar komawa ƙauye ya yi aikin likita. Abokansa suka nema masa auren ƴar wani likita mai wadata, Fanny Martin, aka ɗaura a shekara ta 1845, dukiyar da ta zo da ita ta ba shi damar zama a Paris ya ci gaba da bincike.

Irin hankalinsa ya bayyana a shekara ta 1846. An kawo masa zomaye daga kasuwa, suka yi fitsari a kan teburi, ya ga fitsarin garau ne mai tsami irin na dabbobi masu cin nama, alhali na masu cin ciyawa gurɓatacce ne. Wani da sai ya sa a goge teburin kawai. Shi kuwa ya yi tunani cewa zomayen sun daɗe ba su ci kome ba, watau naman jikinsu suke ci. Ya ba su ciyawa, fitsarin ya sake. Ya hana su, ya koma kamar da. Bin diddigin wannan al'amari ne ya kai shi ga gano cewa ruwan fankireyas, wata tsoka mai laushi da ke kwance bayan tumbi, shi ne yake narkar da kitse a cikin hanji.

Sukari a jinin karen da bai ci sukari ba

Ciwon sukari tsohon ciwo ne. Likitocin ƙasar Indiya na dā sun lura tururuwa tana taruwa a fitsarin masu shi. A shekara ta 1776 Matthew Dobson na Ingila ya ƙafar da irin fitsarin nan ya sami sukari a ƙasan tukunya, a shekara ta 1815 kuma Chevreul na Faransa ya tabbatar irin sukarin inabi ne, wanda ake kira gulukos. Abin da ba a sani ba shi ne inda yake fitowa. Manyan masana kimiyya irin su Dumas da Boussingault suna koyar da cewa tsiro ne kaɗai yake ƙera sukari da kitse, dabba kuwa iyakacinta ta ci ta ƙone. Bisa ga wannan koyarwa, duk sukarin da aka gani a jini daga abinci ya zo.

Bernard ma ya yarda da haka. Abin da ya tashi nema a shekara ta 1848 shi ne gaɓar da take ƙone sukarin da aka ci, domin yana zaton lalacewarta ce take kawo ciwon. Yana da wani ruwan gwaji mai launin shuɗi na abokinsa Barreswil, wanda akan haɗa da jan ƙarfe; in an dafa shi da abin da ke da gulukos sai ya juya ya yi ja kamar jar ƙasa. Ya ciyar da kare da abinci mai zaƙi, ya auna jininsa, ya sami sukari, kamar yadda kowa yake tsammani. Daga nan sai ya yi abin da Magendie ya hore shi da shi, watau ya sake gwajin ta ɗaya gefen: ya ɗauki wani kare wanda kwana da kwanaki nama zalla yake ci, ba zaƙi ba hatsi, domin ya tabbatar jininsa ba shi da sukari. Ruwan gwajin ya yi ja. Ya sake da karen da aka hana abinci sam, ruwan ya sake yin ja.

A nan ne girman mutumin yake. Yana da hanyar da zai ce kuskure ne ya wuce, tun da sakamakon ya saɓa wa maganar manyansa, shi kuwa ƙaramin mataimaki ne marar kujera. Sai ya bar maganar manyan ya bi abin da ya gani. Ya sa yis a cikin abin da ya tace daga jinin, ya ga yana tashi yana kumfa yadda sukari na gaskiya yake yi. Ya bi gaɓoɓin ciki ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, ya tarar hanta cike take da sukari, sauran kuwa babu. Har hantar da ake sayarwa wurin mahauta ya auna, ya sami abu ɗaya.

Saura ya nuna cewa hantar ce take ƙera shi, ba wucewa kawai yake yi ta cikinta ba. Jinin da ya taso daga hanji yana shiga hanta ta wata babbar jijiya, ya fita ta wasu jijiyoyin ya nufi zuciya. Da farko ya riƙa samun sukari har a jijiyar shiga, abin ya rikita shi, sai ya gane cewa buɗe cikin dabbar ne yake sa jinin hanta ya kwararo baya. Da ya fara ɗaure jijiyar kafin ya ɗebi jini, bambancin ya fito fili: jinin shiga bai sa ruwan gwajin ya juya ba, jinin fita kuwa ya sa ya yi ja wur. Yau an san akwai ɗan sukari a jinin shigar ma, awon zamaninsa ne bai iya kama shi ba. Amma ainihin maganar ta tsaya, abin da ke fita daga hantar mai yunwa ya fi abin da ke shiga. A watan Oktoba 1848 ya bayyana aikinsa ga masana.

A shekara ta 1849 ya gano wani abin mamaki kuma. Ya soki wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwar zomo da tsinken ƙarfe, ba a jima ba sukari ya hau a jinin zomon ya fito a fitsari, bayan ƴan sa'o'i ya wuce. Wannan ne karo na farko da aka jawo alamar ciwon sukari a jikin dabba da gangan, ya kuma nuna cewa ƙwaƙwalwa tana da iko a kan sukarin da hanta take saki.

Hantar da aka wanke

Suna ya fara zuwa masa. A shekara ta 1854 aka buɗe masa kujerar koyarwa a jami'ar Sorbonne, aka zaɓe shi cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa, a shekara ta 1855 kuma ya gaji Magendie a Collège de France. Masu musu ma suka taso, babbansu Louis Figuier, wanda ya nace cewa sukarin daga abinci yake, hanta tara shi kawai take yi.

Amsar ta zo masa ta hanyar da bai shirya ba. Al'adarsa ce ya auna sukarin hanta sau biyu a lokaci ɗaya. Ran nan, a shekara ta 1855, lokaci ya ƙure masa, ya yi awo ɗaya ya bar na biyun sai gobe. Da gari ya waye ya auna, ya ga sukarin ya fi na jiya yawa, alhali hantar tana ajiye, ba jini ba rai. Sai ya shirya gwaji na musamman. Ya cire hantar kare, ya ɗura mata ruwan sanyi ta babbar jijiyar nan har minti 40, har ruwan da ke fita ya yi garau ba ɗigon sukari. Ya ajiye ta. Bayan sa'a 24 ya auna, ya tarar ta sake cika da sukari.

Ma'anar a bayyane take. Akwai wani abu a cikin tsokar hanta wanda ruwa ba ya wankewa, wanda kuma yake juyewa ya zama sukari a hankali. Shekara biyu ya yi yana neman ya ware shi. Dabarar da ta yi masa aiki ita ce ya jefa sabuwar hanta a tafasasshen ruwa nan take domin ya tsai da juyewar, ya niƙa, ya tace, ya zuba alkol, sai wani farin gari ya kwanta a ƙasa, mai kama da sitacin da ake samu a hatsi da rogo. A shekara ta 1857 ya gabatar da shi, ya sa masa suna gilikojen, watau mai haifar da sukari. Wani saurayin masani a Jamus, Victor Hensen, shi ma ya kai ga abin a daidai wannan lokaci ba tare da sun haɗa hannu ba.

Manomi ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, domin aikin rumbu ne hanta take yi. In mutum ya ci tuwo ko ya sha fura, hatsin yakan narke ya zama gulukos ya shiga jini, hanta ta kwashe rarar ta ajiye a kamannin gilikojen. In an jima ba a ci ba, sai ta riƙa ɗebowa tana saki kaɗan-kaɗan. Awon zamanin yau ya nuna hantar babban mutum tana ajiye wajen giram 100, alhali duk sukarin da ke yawo a jininsa a lokaci ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, kwatankwacin ƙwayar sukari ɗaya da ake jefawa a shayi. Da ba don rumbun nan ba, da mai barci bai kai asuba ba, balle mai azumi ya kai faɗuwar rana. In gilikojen ya yi ƙasa kuma, hanta takan ƙera sabon sukari daga wasu abubuwan jiki, shi ya sa karen da ke cin nama zalla bai rasa shi ba.

Daga wannan aiki Bernard ya fitar da tunani biyu da likitoci suke aiki da su har yau. Na farko, gaɓa tana iya zuba abin da ta ƙera kai tsaye a cikin jini, ba lalle ta bututu zuwa hanji ko waje ba. Na biyu, jini da ruwan jiki wani mazauni ne na ciki wanda dole zafinsa da gishirinsa da sukarinsa su zauna daidai, ko da duniyar waje ta sake. Ya nuna ciwon sukari ɓacewar wannan daidaito ne: sukari yakan fara hawa a jini, sai ya wuce wata iyaka sa'an nan ƙoda ta sake shi a fitsari. Saboda haka jini ne wurin awo, tun kafin fitsari ya nuna kome. Ma'aunin da likitoci suke bi yanzu shi ne, in sukarin wanda ya kwana bai ci ba ya kai giram 1,26 a lita har sau biyu, ciwon ya tabbata. Ƙoda kuwa ba ta fara sakinsa sai ya kai wajen giram 1,80.

Abin da aikin ya ci masa

Ɗaukakar nan ba ta zo a banza ba. Gwaje-gwajensa a kan dabbobi masu rai yake yin su, sau da yawa ba tare da maganin kashe zafi ba. Matarsa ta ƙi abin nan ƙwarai, ta shiga ƙungiyar masu kare dabbobi, ƴaƴansa mata biyu suka bi bayanta, ƴaƴansa maza biyu kuwa sun rasu tun suna jarirai. Daga ƙarshe auren ya mutu, ya ƙare rayuwarsa shi kaɗai. Musun da aka fara a gidansa bai ƙare ba, shi ya sa a yau ƙasashe da yawa suke da dokokin da suka ƙayyade gwaji a kan dabbobi. Cikin almajiransa ma an sami mai ja da shi, Frederick Pavy na Ingila, wanda ya ce sai bayan mutuwa ne hanta take fitar da sukari. Bernard ya amsa masa da awon jinin dabbobi masu rai, gaskiya kuwa ta tsaya wajen malamin.

Ɗakin gwajinsa a Collège de France matsattse ne, mai duhu da danshi, ya kuwa ci masa lafiya. Ciwo ya sa ya koma ƙauyensu hutawa, a can ya rubuta littafinsa na gabatar da ilmin likitanci ta hanyar gwaji, wanda ya fito a shekara ta 1865. Abin da ya koyar a ciki shi ne abin da ya aikata da karnukan 1848: mai bincike ya lura, ya yi zato, ya gwada zaton, ya gwada kishiyarsa, in sakamako ya saɓa wa ra'ayinsa ya yar da ra'ayin. An zaɓe shi cikin Majalisar Adabi ta Faransa a shekara ta 1868, aka naɗa shi ɗan majalisar dattawa a shekara ta 1869. Ya kuma yi aikin da ake tunawa a kan jijiyoyin da ke buɗe hanyoyin jini da matse su, da dafin kibiya na Amurka ta Kudu, da gubar hayaƙin gawayi.

Darussansa a kan ciwon sukari sun fito littafi a shekara ta 1877. Ya rasu a Paris ran 10 ga watan Fabrairu 1878, yana da shekara 64. Gwamnati ta ɗauki nauyin jana'izarsa, shi ne masanin kimiyya na farko da Faransa ta yi wa wannan girma.

Inda ya tsaya, inda aka ɗora

Bernard bai gano maganin ciwon ba, bai ma gano tushensa duka ba. Ya ɗora laifin a kan hanta da jijiyoyi, fankireyas kuwa, wanda ba wanda ya kai shi saninsa a zamaninsa, bai gane hannunsa a ciki ba. Sai a shekara ta 1889 Minkowski da von Mering a birnin Strasbourg suka cire fankireyas na kare, ciwon sukari mai tsanani ya kama shi. A shekara ta 1921 Banting da Best a birnin Toronto na Kanada suka tatso insulin daga wannan tsoka, aka fara yi wa masu ciwo allurarsa a watan Janairu 1922. Insulin kuwa ɗaya ne daga cikin abubuwan nan da gaɓa take zubawa kai tsaye a jini, cikin ayyukansa har da sa hanta ta ajiye sukari ta daina saki. Carl Cori da matarsa Gerty suka bayyana yadda gilikojen yake haɗuwa da yadda yake warwarewa, aka ba su lambar Nobel a shekara ta 1947.

Maganarsa a kan hanta ma ba ta faɗi ƙasa ba. An tabbatar cewa a jikin mai ciwon sukari hanta takan yi ta saki ko da jini ya riga ya cika, shi ya sa awon safe yakan hau ko mutum ya kwana bai ci ba. Ƙwayar metformin, wadda likitan Faransa Jean Sterne ya fara ba masu ciwo a shekara ta 1957, wadda kuma ita ce aka fi fara ba manya masu wannan ciwo a duniya, babban aikinta shi ne rage sukarin da hanta take fitarwa.

Gidansa na Saint-Julien ya zama gidan tarihi, babbar jami'ar kimiyya da likitanci ta Liyon kuma tana ɗauke da sunansa. Ɗan manomin inabin nan ya faɗi a wasan kwaikwayo, ya faɗi jarrabawar malanta, ya yi kuskure a kan tushen ciwon da ya ba shekara talatin na rayuwarsa. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya kau da kai daga sakamakon da bai yi masa daɗi ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, a kan wannan ya kafa aikinsa, a kansa kuma waɗanda suka biyo baya suka ɗora har aka kai ga magani.